«Kusheyin Nasara» a Tawa da arewacin Adar: suna, rubutu da aikin gyara

1. Gabatarwa

Ga mabiya ɗarikar Katolika, ranar 2 ga watan Nuwamba rana ce ta tunawa da mamata. A Adar ranar takan faɗo bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da ciyawa ta bushe, an yi girbi, hannun mutane ya ɗan samu sarari. Al'ada ce kwanaki kaɗan kafin ta a fita da hauya da tsintsiya a share maƙabarta. Sharar ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa ne lokacin da masu aikin, waɗanda ba wanda ya biya su, suka ga bai kamata a tsaya ga shara ba: ga gicciye ya faɗi, ga dutse ya tsage, ga suna ya shafe rabi. Sai a yi karo-karo a sayo siminti da fenti, cikin kwana biyu wuri ya yi fes. A cikin kwana biyun nan kuma ana iya shafe abin da iska da rairayi suka kasa shafewa cikin shekara 80.

Abin da muke son nunawa a wannan ɗan rubutu abu ɗaya ne: gyaran tsohuwar maƙabartar Kirista a gari irin Tawa aikin karatu ne kafin ya zama aikin magini. Wannan shi ya kai masanin harshe wurin. Za mu fara da kalmomin da ake kiran wurin da su, sa'an nan mu dubi waɗanda ke kwance a ciki, kana mu zo ga yadda ake karanta dutse.

2. Kalmomin

Hausa tana da kalmomi biyu na ramin da ake sa mamaci. Ɗaya ta gado ce, kushewa (jam'i kusheyi), ɗaya ta aro ce daga Larabci, kabari, daga qabr. Wurin da aka tara su shi ne maƙabarta. Wanda ya saba da ginin kalmomin Hausa zai ga siffar sunan wuri irin ta makaranta da majema da mahauta, watau ma- a gaba, -a a baya. Amma Larabci ma yana da maqbara, saboda haka kalmar ta tsaya da ƙafa biyu. A lura cewa harafin Larabci guda, q, ya fito k a kabari, ya fito ƙ a maƙabarta. Aikatau kuwa, inda Kano ke cewa binne, a yammacin ƙasar Hausa ana jin bizne ko bisne, kuma wannan ita ce tsohuwar siffa, z ce ta narke cikin n. Mai son ƙarin bayani a kan karin harshen yankin sai ya dubi littafin Bernard Caron na 1991, Le haoussa de l'Ader.

Kalmar da ta fi damun mu ita ce ta biyu cikin sunan da mutanen gari kan ba irin wannan wuri, «kusheyin Nasara» ko «maƙabartar Nasara». (Ba nasara ta cin yaƙi ba, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, amma baki yana raba su, gaɓa ta biyu doguwa ce a Nasāra.) A Larabci naṣārā sunan mabiya addini ne, watau Kiristoci, kuma malaman ƙasar Hausa sun san kalmar daga Alƙur'ani ɗaruruwan shekaru kafin su ga sojan Turai. Da Faransawa da Ingilishi suka shigo tsakanin 1898 da 1903, sai aka liƙa musu sunan da ke akwai, ba tare da an tambayi kowa ko yana zuwa coci ba. Daga nan ma'ana ta gusa: ta bar addini ta koma ga launin fata da iko. «Zamanin Nasara» zamanin mulkin mallaka ne, «aikin Nasara» aikin gwamnati ne, «karatun Nasara» karatun boko ne, ko da duk ƴan ajin Musulmi ne. Kalmar Kirista daga baya ta bazu, ta hanyar ƴan mishan.

Ke nan muna da kalmomi biyu waɗanda iyakokinsu ba su dace ba. Akwai Nasara wanda ba ya addini, akwai Kirista baƙin mutum wanda ba Nasara ba ne a ma'anar yau. Wanda aka ce wa «za a gyara kusheyin Nasara» ya ji wani abu. Wanda aka ce wa «za a gyara maƙabartar Kiristocin gari» ya ji wani abu dabam, alhali wuri ɗaya ake nufi. Bambancin ba ƙarami ba ne a wannan lokaci. Sojojin Faransa sun bar Nijar cikin Disamba 2023, an rufe ofishin jakadancinta cikin Janairu 2024, a watan Oktoba 2024 kuma aka canza sunayen wasu tituna a Yamai, titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. A irin wannan yanayi sunan da aka kira aiki da shi yana iya kawo masa hannuwa, yana iya korar su.

3. Su wa ke kwance a ciki

Mutum iri uku ne ake samu a maƙabartun Kirista na garuruwan da suka yi bariki, kuma ba lokaci ɗaya suka zo ba.

Na farko su ne sojoji da ma'aikatan mulki. Dalilin da ya sa Tawa ta zama bariki tun da wuri yana cikin yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898. An kafa ƙafar kamfas a kan Sakkwato an zana baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Saboda haka Bafaranshen da ya taso daga bakin kogin Kwara zai je Damagaram dole ya kewaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, hanyar da rijiyoyi suka yi ƙaranci. Sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka sassauta iyakar. Kafin nan an riga an zauna: cikin 1901 aka yi yaƙin Zangebe da na Galma tsakanin sojan Faransa da Kel Geres. Amma a Afirka ta yamma ta wancan zamani zazzaɓi da atuni sun fi harsashi kisan Turawa, kuma wanda ya mutu a bariki a nan ake bizne shi.

Abin lura a nan shi ne babu limamin Katolika a ƙasar a lokacin. Sai cikin 1931 François Faroud, na ƙungiyar S.M.A., ya kafa mishan ta Katolika ta farko a Yamai. Ƴan ƙungiyar Rédemptoristes sun iso cikin 1946. Yamai ta samu bishop nata na farko, Hippolyte Berlier, cikin 1961. Ke nan kimanin shekara 30 ana bizne Turawa a barikoki babu mishan ta Katolika ko guda, abokan aikinsu ne ke yi musu jana'iza. Ƙari a kan haka, tun 1881 dokar Faransa ta hana raba maƙabartun gari bisa addini, a 1905 kuma aka raba gwamnati da coci. Ganin gicciye a bisa kabari bai nuna filin na coci ne ba. Wannan magana tana da amfani ga masu gyara, domin kafin a ɗora tubali ɗaya sai an san mai filin: gwamnati ce ta gāje shi cikin 1960, ko yana hannun magajin gari, ko an damƙa shi ga mishan a rubuce.

Na biyu, waɗanda kalmar Nasara ke ɓoyewa, su ne baƙaƙen ma'aikata daga ƙasashen bakin teku. Mulkin mallaka bai yi makarantu da yawa a Nijar ba, sai ya riƙa kawo akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na gidan waya daga Dahome da Togo, inda mishan ta daɗe tana koyarwa. Akwai kuma magina da direbobi da sojoji daga Haute-Volta, da ƴan kasuwa daga kudancin Najeriya. Da yawa daga cikinsu Katolika ne. Ma'aikaci yakan yi shekara biyu ko uku a gari a ɗauke shi. Idan ɗa ya rasu masa a tsakani, ya bizne shi ya wuce, ba lalle ya sake ganin garin ba. Cikin Disamba 1963, sa'ad da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi tsakanin Nijar da Dahome, gwamnati ta kori ma'aikata ƴan Dahome. Sun tafi da iyalansu da akwatunansu, kusheyinsu suka rage. Kotun duniya ta raba gardamar tsibirin cikin 2005, ta ba Nijar. Waɗanda aka bari kwance a Tawa da Ƙonni da Madawa ba su cikin shari'ar.

Na uku su ne Kiristocin da ke zaune a garin yanzu, ƴan ƙasa da baƙi. Tun 2001 jahar Tawa tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, wanda na farkonsu shi ne Ambroise Ouédraogo. Akwai kuma waɗanda ba Katolika ba, musamman wajen Galmi inda mishan ta S.I.M. ta buɗe asibiti cikin 1950. Bisa ƙidayar 2012 Kiristoci duka ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Su ne ke fita shara, kuma yawancin kusheyin da suke sharewa ba na danginsu ba ne.

Domin a gane abin da ya sa rubutu yake da nauyi haka a wannan wuri, sai a gwada da kabarin Musulmi na maƙwabta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihu a Adar ya sani, ta karhanta yin gini a bisa kabari da shafa masa farar ƙasa. Tudun ƙasa ne da ɗan dutse ko ice ko fasasshiyar tukunya, bayan ƴan damuna ya daidaita da ƙasa, kuma ba wanda ke ganin an yi asara. Ba a ajiye mamacin a cikin dutse ba, an ajiye shi a bakin mutane: ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ana mai da sunansa ga jariri, ana ambatonsa cikin jerin kakanni. Daga irin wannan ajiya ta baki Nicole Echard da Djibo Hamani suka ɗebo da yawa daga abin da suka rubuta na tarihin Adar cikin littattafansu na 1975. Ba muna cewa rubutu a bisa kabari baƙon abu ne ga yankin ba. A arewa, cikin Azawak, a wurin da ake kira In Teduq, masu binciken kufai sun tarar da tsofaffin maƙabartun Musulmi da duwatsu masu rubutun Larabci. Amma ga talakan Adar dutse bai taɓa zama shi kaɗai ne shaida ba.

Ga akawun Dahome da aka bizne cikin 1950, dutse shi kaɗai ne. Ba shi da jika a unguwa, ba wanda aka sa wa sunansa. Ran da haruffan suka shafe, ko aka shafe su, babu sauran wanda zai ce ga wane.

4. Karatun dutse

Saboda haka aikin farko takarda ne da fensir. A zana taswirar wurin, a ba kowane kabari lamba, har da wanda ba sauran kome a kansa sai tudu. A ɗauki hoto kafin a taɓa. A kwafe abin da ke rubuce, layi bisa layi, da manyan haruffa da ƙanana yadda suke. Tsakar rana ba lokacin karatu ba ne, domin haske yana faɗowa daga bisa ya cika ramin harafi. Da hantsi ko da la'asar, sa'ad da rana ke zuwa daga gefe, harafin da ake tsammanin ya ɓace yakan fito da inuwarsa. Madubi ma yana yin wannan aiki. Ruwa tsabtatacce da burushi mai taushi sun isa. Burushin ƙarfe yana cin fuskar dutse tare da rubutun.

Masana tsofaffin rubuce-rubuce suna da ƙa'ida tun taron Leiden na 1931, kuma ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba: abin da ido ya gani a rubuta shi a fili, abin da hankali ya cika a sa shi cikin baka mai kusurwa, inda harafi ya ɓace ba a san shi ba a sa ɗigo.

(1) ICI REP[OSE]
(2) décédé le 1[.] 9bre 19[..]

A misali na (1) cikawar ba ta da haɗari, domin jimlar sananna ce, «a nan yake hutawa». A misali na (2) ba mu da ikon cika kome. Mai fenti da ya ga gurbi yakan ji kunyar barin sa, sai ya sa lambar da ta fi kama. Daga ranar ƙagen nasa ya zama tarihi.

Misali na (2) yana ɗauke da wani tarko kuma. A tsohon rubutun Faransanci 7bre, 8bre, 9bre da Xbre ba watan bakwai da takwas da tara da goma ba ne. Satumba ne da Oktoba da Nuwamba da Disamba, domin sunayen watannin daga ƙidayar Latin suke, septem, octo, novem, decem, tun lokacin da shekarar Rumawa ke farawa da Maris. Wanda ya mai da 9bre ya zama «09» ya matsar da mutuwar mutum wata biyu, kuma wanda zai neme shi cikin rajista ba zai same shi ba. Hakanan gajerun kalmomi: Cne kyaftin ne, Adjt ajidan ne, R.T.S. da B.T.S. rundunonin da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais ne, ko da yake yawancin sojojin ba ƴan Senegal ba ne, R.P. limamin mishan ne, Sr kuwa mace mai zaman zuhudu, C.Ss.R. alamar Rédemptoristes ce. Jimlar Mort pour la France ba ado ba ce, matsayi ne na shari'a da dokar 1915 ta kafa, kuma mai shi yana da fayil a ma'aikatar sojan Faransa.

Sunayen Afirka su suka fi wahala, domin kunnen Bafaranshe ne ya ji su, hannunsa ya rubuta. Mun san abin da wannan hannu ya yi wa sunayen garuruwanmu: Tawa ta zama Tahoua, Madawa Madaoua, Buza Bouza, Birnin Ƙonni Birni N'Konni. Ou tana tsayawa a madadin u da w duka, dj ko di a madadin j, tch ko ti a madadin c, kuma ƙ da ɗ da ɓ ba su da gurbi ko kaɗan. Abin da ya samu Hausa ya samu Fon da Mina da Mosanci, har ya fi, tun da su ma harsuna ne masu karin sauti da wasula waɗanda Faransanci ba ya rubutawa. Sau da yawa kuma an juya tsarin suna, an mai da sunan yanka ya zama na iyali. Mu da kanmu masu son daidaitaccen rubutu ne, amma a nan shawararmu ita ce kada a gyara dutse. A bar shi da kurensa, domin da wannan kuren aka rubuta mutumin cikin takardun gwamnati, da shi kuma za a same shi. A cikin rajista a yi gurbi biyu, ɗaya na abin da ke bisa dutse, ɗaya na yadda muke ganin ana faɗin sunan.

Suna yana faɗin asali. De Souza, d'Almeida, da Silva sunayen iyalan bakin teku ne na Wida da Porto-Novo da Aneho, masu alaƙa da Brazil da Fotugal. Kossi, Kodjo, Koffi, Afi sunayen rana ne na Ewe da Mina, daidai da namu: Kossi Ɗanladi ne, Kodjo na Litinin ne, Koffi Ɗanjuma, Afi Jummai. Wannan yana iya taimakawa wajen karatu. Idan ranar haihuwa ta dushe har ba a rabe 3 da 8, kwana biyar ne tsakaninsu, ba za su faɗa rana ɗaya ta mako ba. A duba kalandar shekarar, wadda ta faɗo Juma'a ita ce ta Koffi. Sai dai a yi hattara, domin sunan rana yakan zama sunan iyali a gāje shi, kuma mutane da yawa na wancan zamani né vers aka rubuta musu, watau «an haife shi wajen shekara kaza».

Bayan dutse sai takardu. Dokar cocin Katolika ta wajabta a rubuta kowace jana'iza cikin littafin mamata na Ikilisiya. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa ta ma'aikatar magajin gari, akwai gidan ajiyar takardun ƙasa a Yamai, akwai na ƙasashen da Faransa ta mallaka a Aix-en-Provence. Sa'an nan akwai tsofaffin gari, kuma su ya kamata a fara da su tun da takarda tana jira, su ba sa jira. Tsoho ba zai san sunan da ke bisa dutse ba. Laƙabi ya sani, domin Hausawa ba su bar kwamanda ko mushen makaranta ko likita ba tare da sun raɗa masa suna ba. Haɗa laƙabin baki da sunan dutse aiki ne da ɗaliban harshe da na tarihi na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za su iya yi cikin hutu ɗaya.

Aikin magini ba fanninmu ba ne, za mu taƙaita. Katanga ita ce farko, sabili da awaki, da masu neman tsohon ƙarfe, da rabon filaye a birnin da ya wuce mutum dubu 100 tun ƙidayar 2012. Kada a sa wa ciyawa wuta, zafi yana fasa siminti ya baƙanta dutse. Icen da ya tsiro cikin kabari a sare shi a gindi, kada a tumɓuke, saiwar za ta taso da ginin. Gicciyen da ya faɗi kada a kafa shi inda ya fi kyau, a ajiye shi inda aka same shi har a tabbatar da kabarinsa. Hanyar ruwa kuwa mutanen Adar ba su bukatar malami a kanta: tun 1984 aikin Keita ya sa dubban mutane, yawancinsu mata, jera duwatsu don tare zaizayar ƙasa.

5. Wa zai kira gayya

Faransanci yana cewa bénévole, Hausar rediyo tana cewa «aikin sa kai». Kalmar gado ita ce gayya, amma gayya tana da sharaɗi: akwai mai gayya, shi ke kira, shi ke ciyarwa, kuma gobe za a kira shi ya zo. Biki ne, a ma'anarsa ta asali ta abin da ake ramawa. Mamacin da ba shi da dangi ba ya kira, ba ya ramawa. Akwai kuma wani tarihi da ke sa mutane ɗari-ɗari da aikin da ba biya. Aikin tilas na zamanin Nasara sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke shi, kuma iyayen tsofaffin yau sun ɗauki kaya da duwatsu a kansu don barikin da waɗannan Turawa suka zauna. Samariya da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974 ta gina azuzuwa da yawa, amma kira daga bisa yake zuwa. A ganinmu kalmar da ta dace da wannan aiki ita ce «aikin lada», domin ita ce Musulmi da Kirista duka ke amfani da ita ga abin da aka yi wa wanda ba zai iya biya ba, kuma ita ake faɗa wa masu haƙan kabari.

Ana iya cewa: mi ya sa jikan wanda aka yi wa bulala zai share kabarin mai bulala? Tambayar tana da ƙarfi, ba kuma za mu raina ta ba. A wannan jaha ne rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi cikin Mayu 1899. Kusheyin da aka ce nasu ne suna Maijirgi, kusa da Tasawa, kuma ana ba da labarin cewa da Robert Delavignette ya sa aka tone su cikin 1923 ba a tarar da kowa ba; har yau ana gardama a kan ƙarshensu. Amsarmu biyu ce. Ta ɗaya, kwafe suna ba yabo ba ne. Mai rubuta tarihin Adar yana bukatar ya san wane hafsa ne ke Tawa a wace shekara, ko da don ya tuhume shi ne, kuma dutse shaida ce da ba ta bi ta hannun mai rubuta rahoto ba. Ta biyu, hafsan ba shi ne ya fi bukatar mu ba. Sojan Faransa yana da fayil, yana da ƙungiyar Souvenir français da aka kafa tun 1887 don kula da kusheyin irinsa. Wanda ba shi da kowa shi ne ɗan akawu mai wata takwas.

Maƙwabta Musulmi kuwa suna da abin dogara cikin nasu littattafai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya kuma ba da dalili cewa rai ne. A Fajut ta Senegal Musulmi da Kirista maƙabarta ɗaya suke. Amma fim ɗin Sembène Ousmane na 1992, Guelwaar, inda aka bizne Bakatolike cikin maƙabartar Musulmi bisa kure har gari ya kusa yaƙi, ya nuna yadda gawa ke iya raba mutanen da suke cin kasuwa ɗaya. Bayan ƙone-ƙonen coci na Janairu 2015 a Damagaram da Yamai, ba wanda zai ce maganar ta Senegal ce kaɗai. Shi ya sa zuwa gaida mai unguwa da limamin unguwa kafin a fara yana cikin aikin, kuma da kalmar da aka gabatar musu da shi za su auna shi.

6. Allon bakin ƙofa

Saura abin da za a rubuta a ƙofa. Kundin da aka ƙaddamar cikin Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Muna ganin a sa Hausa a bisa, «Maƙabartar Kirista», ba «ta Nasara» ba, sabili da dalilan da muka kawo a sashe na 2. A sa Faransanci a ƙasa, domin jikan da zai zo nema daga Kotonu ko Lome da shi zai karanta. A garuruwan arewa irin Abalak da Cintabaraden, inda Tamajak ke da rinjaye, ita ma tana da gurbi.

R.I.P., watau requiescat in pace, ta fi wuyar juyawa. «Allah ya ji ƙansa» ita ce ke zuwa baki, amma a kunnen mutane addu'ar Musulmi ce, kuma akwai malamai da ba su yarda a yi wa wanda ba Musulmi ba ita. Rubuta ta a allo jawo gardama ne a wurin da ake neman taimako. «Ya huta lafiya» kuwa sallama ce da ake yi wa mai rai da ya dawo daga gona. Kiristoci masu jin Hausa suna da tasu, «ya huta cikin salama», kuma salama ce kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ke sawa a gurbin pax. Ita za a sa a allo da shafin farko na rajista. A bisa duwatsu kuwa a bar haruffan uku yadda mai sassaƙa ya bar su, inda ɗaya ta ɓace a nuna ta cikin baka a takarda, R.[I.]P., kada a cika ta da fenti.